Gonar Anatot: Waiwaye Kan Alkawarin da Bai Tashi Ba

A shekara ta goma ta sarautar Zadakiya, wajen 587 kafin haihuwar Almasihu, an yi wani cinikin gona a Urushalima wanda ko dillalin da ya fi kowa kwaɗayin la'ada ba zai so a ji sunansa a ciki ba. Mai saye yana tsare a farfajiyar masu gadin fada. Birnin kuma sojojin Nebukadnezzar sarkin Babila sun yi masa ƙawanya, abinci ya fara wuya. Ita gonar tana Anatot, wani ƙauye a yankin Biliyaminu, tafiyar kamar kilomita 5 arewa maso gabas da birnin, a ƙasar da dawakan abokan gaba ke tattakawa. Mai sayarwa, Hanamel, ɗan baffan mai saye ne, ya kuma zo da hujjar da ba a musu: gonar gado ce, dangi na kusa shi ke da haƙƙin fansarta don kada ta fita daga gida.

Annabi Irmiya ya saya. Ya auna azurfa shekel 17 a kan ma'auni, abin da bai cika giram 200 ba. Aka rubuta takarda kofi biyu, ɗaya a liƙe da hatimi, ɗaya a buɗe, shaidu suka sa hannu a gaban mutanen da ke zaune a farfajiyar. Sai ya miƙa wa magatakardansa Baruk ɗan Neriya, ya ce a saka su cikin tulun ƙasa don su daɗe, domin wata rana za a sake cinikin gidaje da gonaki a ƙasar. Mai wannan maganar shi ne mutumin da ya shafe kusan shekara 40 yana cewa birnin zai faɗi, kuma saboda bakin nan nasa ne aka tsare shi. Shi kansa abin ya ɗaure masa kai, don babi na 32 na littafinsa ya nuna cewa da ya gama cinikin sai ya koma ga Allah yana tambaya: yaya za a sa shi sayen gona alhali birnin yana shirin faɗawa hannun Babilawa?

Tambayar da annabawan Isra'ila suka yi ƙarni da ƙarni suna fama da ita ke nan. Idan Allah da kansa ya hukunta mutanen da ya yi wa alkawari, ina alkawarin ya kwana? Amsar ba a rana ɗaya ta zo ba. Kowace masifa ta zo ta ƙwace wani abin da mutane ke riƙe da shi a matsayin shaidar alkawari, ta tilasta wa annabawa su ƙara tona ƙasa su ga a kan me ginin yake tsaye. Shekarun da za su biyo baya na kafin haihuwar Almasihu ne, sai inda aka faɗi akasin haka, shi ya sa lambobin za su riƙa raguwa.

A harshen Ibrananci ba a cewa an ɗaura alkawari, yanka shi ake yi. Akan tsaga dabba gida biyu, masu alkawari su ratsa tsakani, wato kowa ya yarda a yi masa yadda aka yi wa dabbar in ya saɓa. A labarin Ibrahim, cikin Farawa babi na 15, an tsaga dabbobin, amma barci mai nauyi ya kwashe Ibrahim, sai tanderu mai hayaƙi da harshen wuta ne suka ratsa. Ibrahim bai taka tsakanin ba. Allah kaɗai ya ɗauki kayan, kuma Bahaushe ya riga ya ce alkawari kaya ne. Na Sinai ta hannun Musa kuwa da sharaɗi ya zo. Babi na 28 na Maimaitawar Shari'a ya ba albarka aya 14, ya ba la'ana aya 54: fari, annoba, ƙawanya, yunwa, a ƙarshe kora daga ƙasa. Na uku shi ne na Dawuda, a Sama'ila ta Biyu babi na 7, inda aka ce in ɗansa ya yi laifi zai sha bulala, amma ba za a janye ƙauna daga gidan ba, sarautar za ta dawwama.

Mutanen wancan zamani sun san irin wannan rubutu daga fadar manyan dauloli. A 1955 ta zamaninmu masu tonon kayan tarihi suka gano a Nimrud, a Iraƙi, allunan rantsuwar da Esarhaddon sarkin Assuriya ya sa talakawansa da sarakunan da ke ƙarƙashinsa suka yi a 672. La'anonin da ke ciki sun yi kama da na Maimaitawar Shari'a ƙwarai, har da sama ta zama kamar tagulla ta hana ruwa. Sai dai rantsuwar Assuriya a kan la'ana take ƙarewa. Ita Attaura, bayan ta gama jero masifu a Littafin Firistoci babi na 26, sai ta ƙara cewa ko a ƙasar abokan gaba Allah ba zai yashe su ba, zai tuna da abin da ya yi wa kakanninsu alkawari. Masu riƙe da al'ada suna cewa tun bakin Musa maganar ta fito, masu nazarin zamani da yawa kuma suna ganin a lokacin bauta aka kammala rubuta ta. Ko ta wace hanya aka bi, ƙofar nan da aka bari a buɗe ita ce annabawa suka yi ta faɗaɗawa.

Wanda ya fara girgiza tunanin jama'a shi ne Amos, makiyayi mai kula da itatuwan ɓaure daga Tekowa, wajen 760. A lokacin masarautar ta daɗe da rabuwa biyu, Isra'ila a arewa, Yahuza a kudu, kuma arewa tana cikin daula a ƙarƙashin Yerobowam na Biyu. Masu kuɗi suna kwana a gadajen hauren giwa, ana sayar da talaka a kan kuɗin takalmi, ana tauye mudu, wuraren ibada kuma cike. Mutane sun ɗauka zaɓen da Allah ya yi musu laya ce. Amos ya juya musu lissafin: tun da su kaɗai Allah ya zaɓa, su ne zai fara kamawa da laifinsu. Hukunci, a bakinsa, shaida ce cewa alkawarin yana da rai, don ba a tuhumar mutum da cin amanar da ba a ba shi ba. Amaziya, firist na Betel, ya ce masa ya tattara ya koma Yahuza ya ci abincinsa a can. Littafin Amos kusan duk duhu ne, sai a ayoyin ƙarshe aka yi zancen tankaɗe da rariya da sake ta da bukkar Dawuda da ta faɗi.

Yusha'u, wanda wasu fassarori ke kira Hosiya, shi a cikin gidansa aka rubuta saƙon. Ya auri Gomer, matar da ba ta riƙe amanar aure ba, ya raɗa wa 'yarsa Lo-ruhama, wato wadda ba a ji tausayinta ba, ya raɗa wa ɗansa Lo-ammi, wato ba jama'ata ba. Mai karatu ya ɗan tsaya ya auna wannan: kullum aka ƙwala wa yaron kira a unguwa, ana shelar cewa igiyar da ke tsakanin Allah da Isra'ila ta tsinke. Amma a littafin nan dai aka ce za a juya sunayen, kuma annabin ya je ya fanso matar da kuɗi da sha'ir. A babi na 11 an kwatanta Allah da uban da ya koya wa ɗansa tafiya, ɗan ya kangare, uban ya ɗaga hannu zai hallaka shi, zuciya ta hana. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Dalilin da aka bayar shi ne cewa shi Allah ne, ba mutum ba, kuma wannan dalili zai dawo da ƙarfi bayan shekara 150.

Tausayin bai hana Samariya faɗuwa ba. A 722 Assuriyawa suka ci ta, Sargon na Biyu ya rubuta cewa ya kwashe mutum 27,290. Masarautar arewa ba ta sake tashi ba.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Urushalima annabi Ishaya ya kawo kalmar da za ta zama ginshiƙi, ringi, wato 'yan ragowar da suka tsira. Ya sa wa ɗansa suna Sheyar-yashub, ma'ana ringi zai dawo, ya kuma riƙe hannun yaron ya je ya tari sarki Ahaz da shi a lokacin tsoron yaƙin 734. Sunan kaifi biyu gare shi: wasu za su dawo, amma wasu ne kawai. Haka ma hoton da ya zana na gidan Yesse, mahaifin Dawuda, kututture ne aka sare, toho na fitowa daga gefensa. Sai 701 ta zo. Sennakerib sarkin Assuriya ya rubuta cewa ya ci birane masu ganuwa 46 na Yahuza, ya kulle sarki Hezekiya a birninsa tamkar tsuntsu a keji. Hotunan yadda ya ragargaza Lakish, waɗanda aka sassaƙa a bangon fadarsa ta Nineba, suna gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan. Hezekiya ya biya haraji mai nauyi. Rubutun Assuriya da Littafin Sarakuna duk sun ce zinariyar talanti 30 ce. Amma Urushalima ba ta faɗi ba, kuma ko shi Sennakerib, duk cika bakinsa, bai ce ya ci ta ba.

A ganina wannan tsira ta fi wata masifar yi wa Yahuza illa. Jikokin waɗanda suka ga abin suka mai da shi aƙida: birnin da Haikali yake ciki ba ya ciwuwa, gidan Dawuda ba ya faɗuwa, a yi abin da aka ga dama. Suka riƙe alkawarin Dawuda, suka manta da na Sinai. Da Irmiya ya tsaya a ƙofar Haikali wajen 609, bayan an kashe sarki Yosiya a Magiddo, ya ce musu su je Shilo su ga kangon da wurin ibadar farko ya zama, sai firistoci suka ce hukuncinsa kisa ne. Abin da ya cece shi shi ne wasu dattawa da suka tuna cewa Mika mutumin Moreshet ya taɓa cewa za a nome Sihiyona kamar gona, Hezekiya kuwa bai kashe shi ba. Wani annabi mai suna Uriya da ya faɗi irin maganar bai yi wannan sa'ar ba, har Masar aka bi shi aka kamo aka kashe. Sarki Yehoyakim kuma, da aka karanta masa naɗaɗɗen littafin Irmiya yana zaune gaban kasko a lokacin sanyi, duk shafi uku ko huɗu sai ya sa wuƙa ya yanke ya jefa wuta. Baruk ya sake rubutawa, aka ƙara wasu maganganun a kai.

A watan Maris na 597, kamar yadda allon tarihin Babila ya rubuta, Nebukadnezzar ya karɓi birnin. Ya tafi da sarki Yehoyakin, ɗan shekara 18 da ya yi wata uku kacal a kan gado, tare da manyan gari da maƙera da masassaƙa, ya naɗa baffansa Zadakiya. A nan ne aka yi karon da ya fi bayyana bambancin bege na gaskiya da na bogi. Irmiya yana yawo da karkiyar itace a wuya, alamar a sunkuya wa Babila. Wani annabi, Hananiya ɗan Azzur, ya tare shi a Haikali ya ce cikin shekara biyu za a dawo da sarki da kayan Haikali, ya cire karkiyar ya karya a gaban jama'a. Shi ma da sunan Ubangiji ya yi magana, shi ma alkawari ya dogara da shi. Irmiya ya ce amin, Allah ya sa, ya kama hanyarsa. Daga baya ya dawo ya ce karkiyar ƙarfe ce za ta maye gurbin ta itace. Hananiya bai ga ƙarshen shekarar ba.

Wasiƙar da Irmiya ya aika wa waɗanda aka kwashe tana babi na 29. Ya ce su gina gidaje, su dasa lambuna, su yi aure su aurar, su roƙa wa birnin da ya bautar da su zaman lafiya, domin sai an yi shekara 70. Aya ta 11 ta wannan babi, wadda ke zancen kyakkyawan nufin Allah da makoma mai kyau, tana cikin ayoyin da Kiristocin yau suka fi so. Ana ganinta a kalanda da bayan mota da katin taya murna. Ba laifi. Amma waɗanda aka fara rubuta wa ita an gaya musu ne cewa yawancinsu a Babila za a binne su, jikoki ne za su ga cikar maganar. Wanda ya cire ayar daga shekara 70 ɗinta ya koma sahun Hananiya bai sani ba.

Da Zadakiya ya yi tawaye, ƙawanya ta dawo, sai aka ga darajar alkawari a wurin mutane. Sarki da manyan gari suka tsaga ɗan maraƙi a Haikali, suka ratsa tsakani, suka yi rantsuwar 'yanta bayinsu Ibraniyawa. Da rundunar Masar ta taso, Babilawa suka ɗan janye, sai kowa ya bi bawansa ya kamo. Irmiya ya ce yadda aka yi da maraƙin haka za a yi da su. A daidai wannan lokaci Lakish da Azeka ne kaɗai biranen ganuwa da suka rage banda Urushalima, kuma a 1935 ta zamaninmu aka tono a ƙofar Lakish wasu wasiƙu a kan sakaina, ɗaya daga ciki wani jami'i yana shaida wa shugabansa cewa suna duban alamar wutar Lakish domin ba sa hango Azeka. Shi kuwa annabin, fadawa suka jefa shi rijiya mai laka, sai wani bafade mutumin Kush, Ebed-melek, ya samo tsummoki ya ce ya sa a hammata don kada igiya ta ji masa ciwo, aka jawo shi.

Cikin wannan hali ne aka yi cinikin gonar Anatot, kuma a babin da ya gabaci labarin cinikin, na 31, aka ajiye maganar da ta fi kowace nisa a littafin, wato sabon alkawari. Na farko an karya shi, annabin bai ɓoye ba. Matsalar ba daga doka take ba, daga zuciya take, saboda haka wannan karon a zuciya za a rubuta dokar, a kuma yafe laifi. Jinginar da aka bayar ita ce rana da wata da taurari: sai in tsarinsu ya rushe ne Isra'ila za ta daina zama al'umma a gaban Allah.

Birnin ya faɗi a 587 ko 586. Aka kama Zadakiya a filayen Yariko, aka kai shi Ribla, aka yanka 'ya'yansa a gabansa, sannan aka ƙwaƙule masa idanu. Nebuzaradan, jami'in sarkin Babila, ya ƙone Haikali ya rushe ganuwa. Ƙasa, sarauta, ɗakin ibada, duk alamun alkawari uku sun tafi a shekara ɗaya. Abin yabo ga waɗanda suka tattara Littafi Mai Tsarki shi ne ba su share kukan ba. Zabura ta 89 ta jero alkawuran Dawuda ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juya ta tuhumi Allah da jefar da rawanin a ƙasa. Littafin Makoki ya kwatanta yara suna suma da yunwa a titi. An tsara yawancin waƙoƙinsa bisa jerin haruffan Ibrananci 22, kamar mai son ya ƙirga baƙin cikinsa daga farko har ƙarshe kada ya tsallake komai, kuma a tsakiyarsa, cikin babi na 3, aka ajiye 'yan ayoyin da ke cewa jinƙan Allah bai ƙare ba, amincinsa mai girma ne. Daga nan Thomas Chisholm ya ɗauko waƙar da ya rubuta a Amurka a 1923, wadda ake rerawa a majami'u da yawa, galibi ranar godiya, nesa da tokar da ta haife ta.

Can a Babila, a bakin kogin Kebar, wani firist mai suna Ezekiyel da aka kwashe tun 597 ya kai maganar inda ba wanda ya kai ta. Ya ga ɗaukakar Allah ta tashi daga Haikali ta tsaya kan dutsen gabas da birnin, wato kafin Babilawa su sa wuta mai gidan ya riga ya fita, ya kuma ce Allah da kansa ya zama wa korarrun wurin ibada a inda suke. Matarsa ta mutu aka hana shi makoki. Har ranar da wani da ya tsere ya iso da labarin faɗuwar birni, bakinsa hukunci yake furtawa; daga ranar ya koma ta'aziyya. Sai dai ta'aziyyar Ezekiyel ba ta da zaƙi. A babi na 36 ya ce ba don halinsu za a maido su ba, don sunan Allah ne, wanda suka zubar wa mutunci a idon al'ummai. Za a cire zuciyar dutse a sa ta nama. Kwarin busassun ƙasusuwa na babi na 37 ma haka yake, ƙashi ba ya tuba, ba ya roƙo, sai dai a busa masa rai. Nan tafiyar da ta faro daga Amos ta tsaya: alkawarin bai rataya a kan ganuwa ko rawani ko ma kirkin jama'a ba, a kan halin mai alkawarin yake.

Ƙasa ta adana wasu ƙananan shaidu na wannan zama. A tonon da Robert Koldewey ya yi a Babila tsakanin 1899 da 1917 aka samu allunan rabon abinci na fada, Ernst Weidner ya buga su a 1939, kuma a ciki akwai rabon mai na Yehoyakin sarkin Yahuza da 'ya'yansa biyar. Allunan suna Berlin. Wasu allunan kuma, kusan 200, sun fito daga wani gari da ake kira Al-Yahudu, wato garin Yahuza, mafi tsufa na 572. Haya ce da bashi da haraji da gado, mutane masu sunayen da ke ɗauke da sunan Ubangiji suna noman sha'ir da dabino. Sun bi shawarar wasiƙar Irmiya ke nan. Littafin Sarakuna na Biyu ya rufe da ɗan labari mai sanyi: a shekara ta 37 ta bautarsa aka fito da Yehoyakin daga kurkuku, ya tuɓe kayan fursuna, ya riƙa cin abinci a teburin sarki. Marubucin bai ƙara sharhi ba. Jinin Dawuda dai yana numfashi.

Babi na 40 zuwa 55 na Ishaya, waɗanda al'ada ke danganta wa Ishaya na Urushalima, masu nazari da yawa kuma ke danganta wa wani annabi na ƙarshen zaman bauta, sun buɗe da ta'aziyya, suka koma har kan Nuhu don neman misali: yadda aka rantse ruwan tufana ba zai sake ba, haka alkawarin salama ba zai gusa ba. Suka kuma kira Sairus sarkin Farisa, wanda bai san Ubangiji ba, shafaffe. A Oktoban 539 Sairus ya shiga Babila. Rubutun yumɓu da Hormuzd Rassam ya tono a 1879 ya nuna manufarsa ta mayar da gumaka da mutane garuruwansu, ko da yake bai ambaci Yahudawa ba, kuma Marduk ya ba wa nasarar. Abu ɗaya ya faru, marubutan Babila suka ce aikin Marduk ne, annabin ya ce cikar alkawari ce.

Dawowar ba ta kai mafarkin ba, kuma littattafan ba su yi ƙarya a kan haka ba. Ezra ya ƙirga mutum 42,360, da yawa kuma suka zaɓi zama a Babila. Ranar da aka sa harsashin sabon Haikali, matasa na sowa, tsofaffin da suka san na Sulemanu na kuka, har ba a iya bambanta muryoyin. Aikin ya tsaya sai da Haggai da Zakariya suka tashi a 520, aka gama wajen 516, kimanin shekara 70 bayan ƙonewar na farko. Haggai ya yi wata magana mai nauyi. Irmiya ya taɓa cewa ko Yehoyakin zoben hatimi ne a hannun Allah, sai an tuɓe shi. Haggai ya ce wa Zarubabel, jikan Yehoyakin, za a mai da shi zoben hatimi. Amma Zarubabel gwamna ne a ƙarƙashin Farisa, bai sa rawanin sarauta ba, kuma labarinsa ya ɓace daga nan. A addu'ar Nehemiya babi na 9, bayan 445, jama'a sun kira Allah mai cika alkawari, a numfashi guda kuma suka ce ga su bayi a ƙasar kakanninsu.

Wannan ragowar alkawarin da bai gama cika ba shi ne ya raba hanyoyin masu karatu. Jama'ar da ta zauna a Kumran, kusa da Tekun Gishiri, sun ɗauki kansu su ne 'yan sabon alkawari; littattafansu, har da cikakken Ishaya, a cikin tuluna aka fara samunsu a 1947, irin ajiyar da Irmiya ya umarci Baruk. Kiristoci sun ga cikar a kan Yesu Almasihu: Matiyu ya sa Yehoyakin da Zarubabel cikin jerin kakanninsa, a jibin ƙarshe an kira ƙoƙon sabon alkawari, wasiƙar Ibraniyawa babi na 8 ta ɗauko maganar Irmiya dungurungum, Bulus kuma ya yi babi uku a Romawa yana dagewa cewa Allah bai yar da Isra'ila ba. Tun wajen shekara ta 170 bayan haihuwar Almasihu, Melito na Sardis ya yi zancen littattafan tsohon alkawari, kuma da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sassan biyu Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari aka kira su. Malaman Yahudawa kuwa, bayan Romawa sun rushe Haikali na biyu a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, sun tsara karatun annabawa ta yadda makonni uku na tsawatarwa ke zuwa kafin ranar tunawa da rushewar, makonni bakwai na ta'aziyya daga Ishaya su biyo baya. Talmud ya ba da labarin Rabbi Akiba da abokansa sun ga dila ya fito daga kangon wuri mafi tsarki, su suka fashe da kuka, shi ya yi dariya, ya ce tun da annabcin rushewa ya cika daidai, na sake ginawa ma zai cika. Mai karatu Musulmi ma ba baƙo ba ne a nan, domin farkon Suratul Isra'i ya yi zancen ɓarnar Banu Isra'ila sau biyu, da mayaƙan da aka aiko musu, da damar da aka sake ba su, kuma masu tafsiri sun ambaci Bukhtanassar, wato Nebukadnezzar. A aya ta 259 ta Baƙara, mutumin da ya wuce kangon gari yana mamakin yadda za a raya shi, wasu sun ce Uzairu ne, wasu sun ce Irmiya ne.

Shi Irmiya, Babilawa sun ba shi zaɓi ya bi su a kula da shi, ya ce zai zauna da talakawan da aka bari. Bayan an kashe gwamna Gedaliya a Mizfa, waɗanda suka tsorata suka tafi da shi da Baruk Masar ala tilas, zuwa Tafanes, kuma a Masar aka ji muryarsa ta ƙarshe. Bai yi aure ba, bai bar ɗan da zai gaji gonar ba, littafinsa kuma bai ce ya taɓa kai fartanya cikinta ba. Amma a jerin waɗanda suka dawo daga Babila, a Ezra babi na 2, inda aka rubuta kowane gari da yawan mutanensa, an sa mutanen Anatot su 128.